Kafin A Sayi Doki A Nemi Mashayarsa

 Yau na ɗan jingine alƙalamin ƙagaggen labari don in taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wato maganar motoci da babura masu amfani da lantarki, musamman wurin da za a riƙa yi musu caji. Na san wani zai ce me ya haɗa marubuciyar littattafan soyayya da zancen mota da batir? To ai abin da ya taɓa hanci, ido ruwa yake yi. Duk gidan da ake ɗora tukunya da kuɗin haya, da duk macen da ke fita unguwa a Adaidaita Sahu, maganar nan tasu ce.

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, rayuwar talaka ta shiga wani yanayi. Litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa sai ga ta ta haura 1,000. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin kayan miya ya bi shi, domin tumatirin da ke Kadawa ba da ƙafarsa yake zuwa 'Yankaba ba. Daga nan ne zancen motar da ba ta shan mai ya shigo majalisun maza da gidajen biki. Sai ka ji ana ta kwarzanta ta, wai ba ƙara, ba hayaƙi, ba juye, ba layin gidan mai. Duk gaskiya ne. Amma a cikin masu wannan yabo da wuya ka ji wanda ya tsaya ya yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci: idan cajinta ya ƙare, ina za a kai ta?

Kakata ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta, 'yar bafatake ce, mahaifinta yana cikin waɗanda suka riƙa bin ayari zuwa Gwanja sayen goro. Ta sha ba mu labarin da ta ji daga bakinsa, cewa tafiya ce ta watanni, da jakuna da takarkarai, ana kai kanwa da tufafi a dawo da goro. Abin da ya fi tsaya mini a rai a labarin shi ne, madugu ba ya tashin ayari sai ya san zangunan hanya kamar yunwar cikinsa: inda rijiya take, inda ciyawa take, garin da ake samun hatsi, da kwana nawa ne daga wannan zango zuwa wancan. Har mutum na musamman gare su, jagaba, wanda ke wucewa gaba ya duba masauki kafin ayari ya iso. Komai ƙarfin jakinka, idan babu ruwa a gaba, kai da shi duk matattu ne. Waɗannan zanguna su ne suka zama unguwannin Zango da ake ji a Kumasi da Ankara ta ƙasar Ghana har yau. Wato ke nan ba dabba ce kaɗai ta yi fataucin ba, hanya da zangunanta su ne ƙashin bayansa.

Motar fetur ma da zangonta ta zo. Mun taso mun tarar da gidajen mai a kowane titi, shi ya sa ba ma lura da su. Direban da ya tashi daga Kano zuwa Maiduguri, tafiyar kusan kilomita 600, bai damu ba, ya san akwai mai a Wudil, akwai a Azare, akwai a Potiskum da Damaturu, idan ma gidan mai ya rufe ga 'yan bumburutu da galan a bakin hanya. Ita kuwa motar lantarki ba a zuba mata abinci a jarka. Dole sai ta tsaya an jona ta, ta sha a hankali har ta ƙoshi.

Bari in ɗan yi bayani yadda na fahimci abin, da yaren da mu masu mitar kati muka sani. Wutar da muke saye da yunit ake auna ta. Batirin ƙaramar mota na zamani yakan ci yunit 40 zuwa 70. Misali Hyundai Kona, wadda aka fara haɗawa a Legas aka nuna ta a ƙarshen 2020, batirinta yunit 64 ne, kuma masu ita sun ce tana iya yin fiye da kilomita 400 da caji ɗaya. Yadda ake cika shi kuwa hawa uku ne. Akwai jonawa a soket irin na ɗaki, wanda ke ba da kamar yunit biyu zuwa uku a awa, ka ga kafin batir ya cika sai an kwana an wuni. Akwai na'urar da ake kafawa a bangon gida ko ofis, mai ba da kamar yunit bakwai a awa, wannan dare ɗaya ya isa. Sannan akwai mai saurin nan ta bakin hanya, wadda ke tura yunit 50 ko 150 ko ma fiye a awa, cikin minti 30 zuwa 40 ta kai batir kusan kashi 80 cikin ɗari. Ita wannan ta ƙarshe ita ce kwatankwacin gidan mai, kuma ita ce mai tsadar kafawa.

Ta fuskar kuɗi lissafin yana da daɗin ji. A 2024, lokacin da aka ƙara wa 'yan rukunin farko kuɗin wuta, wato unguwannin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, yunit ɗaya ya koma naira 200 da 'yan kai. Ka ga cika batir mai yunit 64 bai fi naira dubu 14 ba. Motar fetur kuwa mai shan lita takwas a kilomita 100, don ta yi kilomita 400 sai ta sha lita 32, wato fiye da naira dubu 30 a farashin ƙarshen wannan shekarar. Kowa ya ji wannan dole ransa ya biya. Matsalar ita ce, lissafin ya ginu ne a kan cewa wutar tana nan a soket tana jiranka.

A nan ne maganar ta shigo har cikin ɗakina. Autanmu ɗan sahu ne. Tun bayan da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a farkon 2013 ya koma tuƙa Adaidaita, kuma har yau ba tasa ba ce, kullum sai ya kai wa mai ita balas. Yana da mata da 'ya'ya uku, ga cefanen Innarmu da yake taimakawa da shi. Wata rana da daddare ya shigo wurina ya zauna a bakin ƙofa, ya daɗe yana juya mukulli a hannu kafin ya buɗe baki.

Ya ce, "Yaya, wallahi aikin nan ya zama wahalar banza. In fita tun asuba in dawo bayan isha'i, rabin abin da na samu na gidan mai ne, sauran in fitar da balas, abin da zan shiga da shi gida ko kunyar faɗa nake ji."

Na ce, "To auta, yanzu me kake gani?"

Ya ce, "Na ga irin mai caji ɗin nan a wani wuri. Na hau, na tuƙa, kamar kana tafiya a kan katifa. Idan kika ɗauki adashinki, muka haɗa da kasona na kuɗin gonar Baba, za mu iya biyan kaso na farko, sauran a riƙa biya a hankali."

Jama'a, kuɗin gonar nan shi ne abu na ƙarshe da mahaifinmu ya bar mana, adashin kuwa shekara guda na yi ina zubi, da niyyar kayan ɗakin 'yata. Ba kuɗin da za a yi gwaji da su ba ne. Ban ce masa a'a ba, ban kuma ce to ba. Na ce ya ba ni amsar abu uku: a ina za ta riƙa kwana, wa zai ba ta wuta, kuma ranar da babu wuta yaya za a yi?

Tambayar farko kaɗai ta isa ta nuna mana inda gizo ke saƙar. A ƙasashen da motocin nan suka yawaita, mafi yawan caji a gida ake yin sa da daddare, mutum ya shigar da motarsa gareji ya jona ya je ya kwanta. Shi kuwa ƙanena ɗaki biyu yake haya a gidan da ke da magidanta biyar, a cikin lungun da ko amalanke da ƙyar take shiga. Mita ɗaya ce a gidan, karo-karo ake yi a sa mata kati, kuma ko dutsen guga mutum ya jona sai an yi ƙananan maganganu a tsakar gida. Yanzu a ce ya jawo waya ya jona batirin da zai sha yunit bakwai ko takwas kowane dare? Ai zaman gidan ya ƙare. Babur ɗin nasa ma ba a gida yake kwana ba, akwai wani fili mai katanga a bakin titi inda 'yan sahu da yawa ke ajiyewa, su biya maigadi kuɗin kwana. Haka dubban 'yan sahu suke a garin nan.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko nauyi. Ƙasarmu mai mutum fiye da miliyan 200 ta shafe shekaru tana raba wutar da ke kai-kawo tsakanin megawat 4,000 zuwa 5,000. Taransfomar unguwa galibi 300 ce ko 500, gidaje barkatai ke rataye a wuyanta. Idan aka kafa na'urorin caji masu sauri guda goma, kowace tana jan 50, su kaɗai sun shanye taransfomar unguwa guda. Don haka mai son buɗe irin wannan tasha sai ya sayi taransfomarsa, ya ja layinsa, ko kuma ya kafa janareta. To idan da man gas za a tayar da inji a yi wa motar lantarki caji, ai an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Hayaƙin da aka kora daga salansa ya koma bayan shago, kuɗin da aka hana gidan mai ya koma can ta bayan gida.

Tambaya ta uku kuwa ba sai na ba kowa labari ba, duk wanda ke Arewa a watan Oktoba na 2024 ya gani da idonsa. Ɓata-gari sun lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Makurɗi da Jos shi ma ya samu matsala, sai ga jihohin Arewa da dama cikin duhu fiye da mako guda. Ƙanƙara ta zama zinariya, masu niƙa suka ninka kuɗi, masu walda da teloli suka zauna hamma. Ni kaina a wayata nake rubutu, a kwanakin nan sai na aiki yaro da ita wurin mai caji tun da safe, ba za ta dawo ba sai la'asar saboda layi. Na ce wa auta, "Ka tuna kwanakin nan? Da a ce abincin 'ya'yanka a soket yake rataye, me za su ci?" Ya yi shiru, ya ce, "Yaya, ai masu fetur ma sun sha kwana a layi." Na ce gaskiya ne, amma mai fetur yana da ɗan bumburutu, kai wa gare ka?

Kada mai karatu ya ɗauka kushe abin nake yi. Ko kusa. Ina da dalilin da ya sa nake ganin abin nan zai yiwu a ƙasar Hausa, har ma ya fi mana amfani fiye da wasu. Dalilin yana saman kanmu kullum, shi ne ranar nan da muke kuka da zafinta.

Ku dubi Maiduguri. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka tarwatsa turakun layin da ke kai wa garin wuta daga Damaturu, garin ya daɗe ƙwarai babu wutar gwamnati, har sai da aka gina masa tashar iskar gas mai megawat 50 aka buɗe a 2023. Amma a wannan gari ne wani matashi, Mustapha Gajibo, ya riƙa cire injin ƙananan motocin bas yana sa musu batir, suna yin kimanin kilomita 100 da caji ɗaya, ya kuma kafa musu wurin caji da faifan sola. A watan Disamba na 2023 kuma aka ƙaddamar da motocin haya masu lantarki da gwamnatin Borno ta saya a ƙarƙashin Gwamna Babagana Zulum. Garin da ya fi kowa sanin duhu shi ya riga mu. Kuma ku lura, Gajibo bai tsaya ga ƙera motar kaɗai ba, ya haɗa mata da mashayarta.

Haka a Sakkwato. Jelani Aliyu, ɗan asalin jihar, wanda ya zana motar Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, lokacin da yake shugabantar hukumar bunƙasa ƙirar motoci ta ƙasa, ya buɗe tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2021, aka yi irinta a Jami'ar Legas. Na gwaji ne, ba su isa su ɗauki garin ba, amma sun nuna cewa ba sai an jira Kainji da Shiroro ba.

Sai dai ita ma sola tana da nata lissafin, kada a ruɗe mu. Faifai ɗaya mai wat 500, a ranar Kano, yakan tara kamar yunit biyu zuwa biyu da rabi a wuni. Don a cika mota irin Kona a rana ɗaya ana buƙatar faifai kusan talatin, mota ɗaya tak. Amma batirin Adaidaita da bai fi yunit bakwai ko takwas ba, faifai huɗu sun ishe shi, na babur mai ƙafa biyu ma bai kai haka ba. Wannan ya nuna mini cewa a wurinmu ba da manyan motocin alfarma za a fara ba, da abin hawan talaka za a fara, wanda ke zagaye cikin gari, daga Kabuga zuwa Bata, daga Hotoro zuwa Kurna, ba ya nisa da zangonsa.

Saura ƙulli guda. Rana da rana take fitowa, ɗan sahu kuma da rana yake neman abinci. Ba zai ajiye babur awa huɗu a tsakiyar wuni yana jiran caji fasinja na wucewa ba. Da daddare da yake hutawa kuma babu rana. Maganin da aka samo wa wannan shi ne musayar batir. Ka zo da wanda ya ƙare, a zare shi a sa maka cikakke cikin 'yan mintuna, ka biya kuɗin wutar ka wuce, naka kuma ya zauna a rumfa yana shan rana har wani ya zo ya ɗauka. Kamfanin Gogoro ya daɗe yana haka a Taiwan, Ampersand na yi wa 'yan acaɓa a Kigali ta Ruwanda, Spiro na yi a Kwatano da Lome da wasu biranen Afirka. Wani amfanin tsarin shi ne, batir shi ne mafi tsada a jikin abin hawan, idan na kamfani ne ba sai direba ya saye shi ba, farashin babur ya sauko.

Da na ji wannan sai na ce ashe abin da muka sani ne. Wa ya manta yadda wayar salula ta shigo a 2001? Ba a jira wuta ta gyaru ba kafin kowa ya riƙe waya. Samari ne suka kafa tebur da ƙaramin janareta da soket jere-jere, a manna wa wayarka lamba a ba ka ɗaya ka riƙe. Yau da yawansu sun koma sola, har ƙaramin batirin ajiya suke ba da haya. Ruwan famfo bai ishe mu ba, 'yan garuwa suka cike gurbi. Mu mutane ne da idan babban bututu ya gaza mukan raba abu ƙanana-ƙanana har ya kai ƙofar kowa. Ban ga abin da zai hana filin nan da 'yan sahu ke kwana a yi masa rumfar sola ba, inuwa a ƙasa wuta a sama, ga maigadi dama yana nan. Haka tashoshin mota, haka harabar kasuwanni, haka gidajen man da ke da faɗin rufi.

Amma wayar salula ta koya mana wani darasin kuma. Ku tuna lokacin da kowace waya da irin cajarta, Nokia mai siririn baki da mai kauri, Sagem daban, Motorola daban, ka je gidan mutane da waya a mace ga wuta amma babu bakin da ya dace. To motocin lantarki ma haka suke. Na Turai da bakinsu, na China da nasu, na Japan da nasu, Tesla ta Amurka da nata. Mu kuma ƙasa ce da ake shigo mana da kaya daga ko'ina, sabo da na hannu. Batiran musaya kuwa sun fi wannan rikici, don na wannan kamfani ba ya shiga babur ɗin wancan. Idan ka sayi babur ɗin kamfani, ka auri kamfanin ke nan, ranar da ya tattara ya bar gari an bar ka da gangar jiki ba rai. Wannan shi ya fi ba ni tsoro game da kuɗin gonar Baba.

Akwai kuma maganar zafi da gobara. A watan Afrilu zafin Kano yakan haura digiri 40, batirin lithium kuwa ba ya son zafi, yana rage masa kwana, idan kuma mara kyau ne ko an yi masa jone-jonen ganganci yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Mu da muka ga abin da gobara ta yi wa kasuwar Sabon Gari a 2016 ba ma buƙatar wa'azi a kan wannan. Batirin dalma kuma, mai araha, ba ya daɗewa, idan ya mutu yara ne ke fasa shi a bola, alhali mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Duk wanda zai buɗe wurin caji dole a san ingancin wayarsa, a kuma san inda mataccen batir zai koma.

Masu kawo mana misali da ƙasashen waje su ma su riƙa kawo labarin gaba ɗaya. Gaskiya ne a Norway, a 2024, kusan 89 cikin kowace mota 100 sababbi da aka sayar na lantarki ne zalla, alhali ƙasa ce mai arzikin mai kamar mu. Amma mutanenta ba su kai miliyan shida ba, kuma kusan duk wutarsu daga ruwa take, ba ta ƙiftawa. China ita ke da fiye da rabin wuraren caji na jama'a da ke duniya, gwamnati ce ta sa hannu aka shimfiɗa su. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur a 2024, amma a 2025 ta buɗe madatsar ruwanta ta kogin Nilu mai ba da fiye da megawat 5,000, wato dam ɗaya ya yi daidai da abin da ƙasarmu duka ta saba rabawa. Kowannensu sai da ya haƙa rijiya. Tun ran gini tun ran zane.

Mai karatu zai so ya ji yadda muka ƙare da auta. Na sa shi ya yi aikin jagaba. Mako guda yana fita aiki da ɗan littafi a aljihu, yana rubuta kilomita nawa yake yi a wuni, unguwannin da ya fi bi, da duk wurin da ya ji ana caji ko musayar batir, ya tsaya ya tambayi kuɗinsu da lokacin da suke rufewa da abin da suke yi idan an ɗauke wuta. Ya kuma nemi waɗanda suka riga shi saye ya ji ta bakinsu, don gani ya kori ji. Da ya kawo mini littafin muka zauna gaban Inna muka yanke shawara: kuɗin suna nan a ajiye da sunansa, ba za a taɓa su ba sai ranar da aka samu wurin caji aƙalla biyu a kan hanyarsa, ɗaya daga ciki mai sola, kuma sai an rubuta a takarda wanda zai ɗauki nauyin batir idan ya lalace. Bai ji daɗi ba a ranar, ya tashi ko sallama bai yi sosai ba. Amma bayan kwana biyu ya dawo ya ce shi da abokan aikinsa shida sun je sun sami mai filin da suke ajiye babura, sun yi masa tayin su yi karo-karo a kafa rumfar sola, a riƙa cire kuɗin daga na kwana. Mutumin ya ce zai yi shawara. Inna ta ce, "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ku dai riƙe amana a tsakaninku."

Kirana na farko ga gwamnatocin jihohinmu ne. Tun 2023 dokar lantarki ta ba jihohi damar tsara harkar wutarsu da kansu, don haka ba komai ne za a ce sai Abuja ba. Kano na da tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Kumbotso a farkon 2023, ga madatsun Tiga da Challawa. Kafin a sayo motoci a jera a filin taro a yanka kyalle, a fara ba da fili a tashoshi da kasuwanni, a tsayar da bakin caja iri ɗaya, a tilasta wa kamfanonin musaya su bayyana makomar mai babur idan suka rufe. Na biyu ga attajiranmu na Kwari da Singa da Dawanau: wanda ya gina gidan mai jiya ya ci riba, mai gina rumfar caji yau shi ma zai ci. Na uku ga makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin bakanikai, a fara koya wa yara gyaran waɗannan injina tun yanzu, domin mai gyaran kafireta ba shi zai taɓa batirin da zai iya kashe mutum ba. Na huɗu ga 'yan'uwana mata, mu da ake zuwa wa adashinmu da sarƙarmu idan za a sayi abin sana'a: kada kunya ta hana ki tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan kiɗa ya canza dole rawa ta canza, kuma ni na yarda kiɗan fetur ya fara sauya. Ina fatan ganin ranar da zan tsaya a Ƙofar Nasarawa da yamma ba tare da na toshe hanci da mayafi ba, ɗan sahu kuma ya koma gida da abin da zai shiga da shi ba tare da sunkuyar da kai ba. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Allah Ya ba masu nema sa'a, Ya tsare mana dukiyar marayu da ta talakawa daga asara.

A nan zan dasa aya, sai mun sake haɗuwa. Taku har kullum.